Muhawara: Intanet kaɗai za ta iya ɗaga masu kiɗan na'ura?

Mai Fiyano: Salamu alaikum jama'a. Mu uku ne, kiɗan na'ura zalla muke yi, ba mawaƙi a cikinmu, ba kamfani a bayanmu. Mun gama haɗa kundi, ni kuma na kafe a kan mu zuba shi kyauta a intanet, kowa ya ɗauka. Zamanin bin ƙofar kamfani ya wuce. Ga ODESZA can a Amurka, samari biyu ne da suka haɗu a jami'a a jihar Washington. A 2012 suka saki kundinsu na farko kyauta, dandalin sauraron kiɗa na SoundCloud ya yaɗa su, yau manyan filaye suke cikawa. Abokan aikina biyu sun ƙi yarda. A raba mana gardama.

Injiniyan Sauti: Wa alaikumus salam. Rabin labarin ka kawo, ɗan'uwa. Kundinsu na biyu, na 2014, ta hannun Counter Records ya fito, reshe ne na Ninja Tune da ke Landan. Sai a 2015 suka kafa nasu kamfanin, Foreign Family Collective. In kamfani ba shi da amfani, me ya kai su shiga na wasu, har su dawo su buɗe nasu?

Mai Fiyano: To ai sai da suka fara yin suna kamfanin ya ɗauke su. Da me ya gan su? Da kyautar nan da kake rainawa.

Auta: Mai Fiyano ya yi gaskiya. Ni ban taɓa sayen waƙa ba tun da nake, kuma ban san wanda ke saya ba.

Yaya Babba: Auta, kai ne ma hujjar da ta fi ba ni tsoro. In duk masu sauraro irinka ne, kuɗin sitidiyo da na man janareta daga aljihun wa za su fito? Ni nake riƙe wa wasu yara lissafi, bari in faɗa muku yadda abin yake. Spotify ba ta da ƙayyadadden farashi a kan kowane sauraro. Kuɗin da ta samu a ƙasa take tarawa, ta cire nata, ta raba sauran gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Kuɗin rajista a Najeriya kaɗan ne, don haka sauraro dubu daga Kano ba ya kamo ƙafar sauraro dubu daga Jamus. Kuma tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ko sisi ba ta samu. Sannan ba ka ɗora waƙa da kanka, sai ta hannun dillalai irin su DistroKid ko TuneCore, su ma da kuɗinsu. YouTube kuwa kafin ta fara raba maka kuɗin talla, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara.

Mai Fiyano: Yaya, duk wannan ai goyon bayana kike yi. Tunda kuɗin sauraro ba komai ba ne, me za mu yi asara in mun ba da kyauta? Suna muke nema. In sunan ya fita, biki da taro za su biya.

Yaya Babba: Wane bikin? Uwar amarya so take a ambaci sunan 'yarta da na dangi kaf, a yi liƙi. Ku kuwa ko baiti ɗaya ba ku da shi.

Kawu Mai Kaset: Ku dakata in sa baki. Yaran nan suna ta kawo misalin Amurka, alhali ga shi a maƙwabta. Mamman Sani na Yamai tun 1978 ya naɗi kiɗan ogan na lantarki, ba murya. Shekara da shekaru rediyo da talbijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kowa ya san sautin, amma kaset ɗin kansa 'yan ƙalilan aka buga. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi, sannan duniya ta san sunan mai kiɗan. Jin kiɗa daban, sanin mai shi daban. Mu da muka zauna a shagon kaset mun ga wannan, mutum zai shigo yana rera maka kiɗa da baki, ya ce irin wannan yake so, bai san na waye ba.

Ɗan Yamai: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma labarin Mdou Moctar, makaɗin gitar nan na Nijar, ya fi kusa da maganar Mai Fiyano. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba a sayar da shi a kanti ba. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da memori, har ya tsallaka Mali. A can Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds, ya ji shi, ya sa waƙarsa a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Da ya kulle abinsa yana jiran mai saye, da wa zai ji?

Injiniyan Sauti: Ka ƙarasa mana. Bayan ya ji, sai da ya sha wahalar neman mai waƙar, domin fayil ɗin da ke yawo a waya ba ya ɗauke da adireshi. Kuma daga ƙarshe ina ya sauka? Matador, kamfanin New York, shi ya fitar masa da kundi a 2021. Misali uku kenan aka kawo, duka ukun akwai wani mutum a tsakiya da ya ɗauki abin ya kai shi gaba.

Ɗan Yamai: Mutum ne ya ɗauka, na yarda. Amma kyauta ce ta kai shi kunnen mutumin.

Auta: Ku bar duk wannan, TikTok ce magana yanzu. Daƙiƙa goma sha biyar mai daɗi, 'yan rawa su ɗauka, shi ke nan.

Injiniyan Sauti: Shi ke nan me? Wani yaro da nake haɗa wa sauti kiɗansa ya zagaye gari a bidiyon mutane, an ɗora masa surutu, an ƙara masa sauri, an canza masa suna. Shi yana nan yana cin bashin data. Da takaici ya ishe shi sai ya biya wani mai cewa zai kawo masa sauraro dubbai. Na'urori ne suka saurara, aka gano, aka sauke waƙar gaba ɗaya.

Yaya Babba: Ni abin da ya fi damuna ba kyauta ko sayarwa ba ne. Mabiyan da kuke ƙirgawa a Instagram da TikTok ba naku ba ne, gini ne a filin aro. MySpace ita ce gidan mawaƙa a zamaninta, a 2019 ta fito ta ce waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, kusan miliyan 50. Bandcamp, kasuwar sayar da kiɗa a intanet, wadda masu zaman kansu suka fi yabo don kashi 15 cikin ɗari kawai take cira, an sayar da ita ga Epic Games a 2022, aka sake sayar wa Songtradr a 2023. Mai gida yana canzawa ba a tambaye ku ba. In za ku ba da kyauta, ku karɓi wani abu a madadinta: lambar waya ko imel. Duk mai son kundin ya shigo zaurenku na WhatsApp ko Telegram ya ɗauka a can. Mutum ɗari biyu da za ku iya aika wa saƙo ranar da za ku yi wasa sun fi mabiya dubu goma da ba ku da hanyar kiransu.

Mai Fiyano: Wannan kam ya shige ni. Amma kin ga kenan kyautar dai za a yi.

Yaya Babba: Ba duka ba. Biyu ko uku. Sauran ku ɗora a Bandcamp da farashi, tunda kiɗan da ba murya ba ya buƙatar tafinta, Bajamushe da Bajapane za su iya saye. Sai dai ku fara bincika yadda kuɗin zai iso hannunku, don an yi shekaru da yawa PayPal a Najeriya turawa kawai aka yi ta yi da ita, ba karɓa ba.

Kawu Mai Kaset: Kuma kada ku raina masu tura waƙa a waya na bakin kasuwa. Direban da zai kwana a hanyar Agadas ba Spotify yake buɗewa ba, memori yake sawa. Ku kai musu da kanku. Amma don Allah ku rubuta sunan rukuninku da lambarku a jikin fayil ɗin, in so samu ne ma a ambace shi da murya a farkon kiɗan.

Mai Fiyano: Kawu, murya a kan kiɗanmu? Ai ya ɓaci.

Kawu Mai Kaset: Daƙiƙa biyu ne, ɗana. Masu sitidiyo duk haka suke yi.

Injiniyan Sauti: Ni har yanzu ina nan kan bakata. Kafin ku saki ko guda, ku aika wa ƙananan kamfanoni biyar ko shida masu irin wannan kiɗan. Da yawa ba sa son abin da ya riga ya fita. In wata biyu ya wuce ba amsa, ku zuba.

Mai Fiyano: Wata biyu ya yi yawa, Malam. Abokaina sun karanta, ɗaya ya koma bayan Yaya, ɗayan yana bayanka. Guda biyu za mu saki ranar Juma'a, sauran shida mu riƙe. Maganar murya kuma ban yarda ba tukuna.

Auta: A turo min tun yau in gwada a TikTok.

Yaya Babba: Kai za ka fara ba da lambarka.