Neman kalma: me za a kira akwatin da ke aiko da labarin rijiyoyi?

Mai Fassara na Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Aiki ne a hannuna, ranar Juma'a zan kai wa mai bugawa, Litinin a fara horo. Ɗan littafi ne daga Faransanci, na masu gadin foraj, wato rijiyoyin burtsatse, da ke bayan garin Damagaram. An kafa wa kowace rijiya wani akwati, émetteur-récepteur, masu Ingilishi su ce transceiver. Ba na hira ba ne, ba shi da lasifika. Lambobi yake aikowa buro: ina ruwa ya tsaya cikin rijiya, pampo na tafiya ko ya tsaya, batir ya cika ko ya yi ƙasa. Kuma daga buro ana iya aika mishi umarni a kunna pampo ko a kashe. Na fara da "na'ura mai aikawa da karɓar saƙo ta iska", to amma kusan kowane layi sai ta fito, shafi ya cika da ita. Ga jimlar gwaji, duk kalmar da za ku ba ni ta zauna a nan: "Kada a kunna ___ sai an tabbata an ɗaura anten."

Bakano:
Wa alaikumus salam. Oba-oba. An gama. Kuma eriya ake cewa, ba anten ba.

Ƴar Radiyo:
Oba-oba ai na ƴan sanda ne da masu tsaro, wanda ake riƙewa a hannu a yi magana. Ya ce maka wannan ba ya magana. Yaya Mai Fassara, me zai hana "aika-karɓa"? Gajere ne, kuma abin da kalmar ke nufi ke nan.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗiyata, aika-karɓa fassarar kalma da kalma ce, kunne bai karɓe ta ba. Muna da "wayar iska" tun zamanin Nasara, lokacin da Damagaram ke babban birnin Nijar kafin a maida shi Yamai a 1926. Kalma ce da ta yi barci, a tashe ta.

Ƴar Radiyo:
Baba, yau in ka ce wa yaro wayar iska, salula zai miƙo maka.

Injiniyan Ruwa:
Bari in faɗi yadda abin ke aiki, sai ku masu harshe ku zaɓa, don ni dai a wurin aiki "radiyo" muke cewa mu wuce.

Kowa ya san Damagaram bisa dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, Gogo da Macaya da Arunguza. Irin waɗannan wurare ne ke buƙatar abin, don ba kullum reson salula ke tsayawa a daji ba, kuma ba mai ja waya kilomita da yawa saboda lambobi huɗu ko biyar. Akwai uwar tasha a buro, akwai ƴaƴa a rijiyoyi, kowane da lambarsa. Uwar ke kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mushe ke kiran suna a aji: lamba 1 ta amsa ta yi shiru, a kira lamba 2. Ba wanda ke buɗe baki sai an kira shi. Galibinsu kuma ba sa aikawa da karɓa lokaci guda. Yana saurare, in an kira shi ya juya ya amsa, ya koma saurare. Saboda haka aika-karɓa bai yi ƙarya ba, amma bai nuna wannan juyin ba.

Jimlarka ta gwaji kuwa ita ce mafi tsada a littafin. In akwatin ya yi aike ba anten, ƙarfin da ya fitar ba shi da wurin zuwa, sai ya komo ciki, yana iya ƙone sashen aikawa. Ka sa ta da manyan baƙaƙe.

Malam na Birni:
Alhamdu lillahi, Injiniya ya gama mini aiki bai sani ba. Wadda ake kira ta zo ta durƙusa, a ba ta saƙo ta kai, ta komo da amsa, ba ta magana sai an ba ta izini, Bahaushe ya daɗe da raɗa mata suna. JAKADIYA. Ku je fada ku tambaya. Na'ura mace ce a nahawu, jakadiya mace ce. Kalma guda, ba karan ɗori, ba aro. "Kada a kunna jakadiya sai an tabbata an ɗaura mata ƙaho." Anten ma ba na so, ƙaho ya ishe mu.

Bakano:
Allah gafarta Malam, a kunna jakadiya?

Ƴar Radiyo:
Yaya Mai Fassara, karanto mana sauran jimlolin mu ji yadda za ta zauna.

Mai Fassara na Zango:
To ga su. "A ɗaure jakadiya cikin akwatin ƙarfe, a kulle." "In jakadiya ta yi zafi a duba ko rana na bugun ta." "In tsawa ta kashe jakadiya a sanar da buro." Malam, da girmanka, ranar Litinin in na karanta wannan gaban dattawa masu gadi, horon ya tashi.

Malam na Birni:
Su yi dariya ranar Litinin, ranar Talata sun riƙe kalmar. Wa bai yi dariya ba da aka ce tauraron ɗan Adam? Yau kowane gidan radiyo shi yake faɗi. Matsalarku ƴan lakkwal, kunya kuke ji. In abu ya zo da sunan Faransi sai ku ga ya yi kwarjini, in an sa mishi na Hausa sai ya zama abin wasa. A Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne kawai. To harshen ƙasa da ke cewa radiyo, anten, batir, pano, foraj, buro, reso cikin shafi guda, wane irin harshen ƙasa ne? Ku ƙirga a rubutun Injiniya. Ni ban yarda da ko ɗaya ba.

Mushe Mai Ritaya:
Malam, ni ma mai son tsohuwar kalma ne, amma ka ce na'ura mace ce a nahawu. Na'ura Larabci ce, kai ka fi ni sani, asalinta ma abin ɗebo ruwa ne mai juyawa. In aron Larabawa ya halatta, na Faransawa me ya yi?

Malam na Birni:
Mushe, aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Kada ka haɗa.

Bakano:
Ni dai shawarata ku bi abin da aka riga aka daidaita. Daidaitacciyar Hausa ta Kano ce, kamus a Kano aka yi, gidajen rediyon duniya da ita suke labarai. Rediyo, eriya, famfo, batir. In kowane gari zai ƙirƙiro tasa, littafin Damagaram ba zai karantu a Daura ba.

Ɗan Birni 2:
Wa ya ce maka za a kai shi Daura? Mai gadin Gogo in ka ce mishi eriya zai ce wace ce. Ku kun ara wurin Ingila, mu mun ara wurin Faransa, sai naku ya zama daidai namu ya zama kuskure? Lokacin da Sarki Tanimun ke sa a ƙera igwa a nan Birni bai aika Kano neman suna ba.

Bakano:
To ku ɗora igwar bisa rijiyar ta aiko muku da labari.

Ɗan Birni 2:
Kakanninka sun san ƙararta.

Ƴar Radiyo:
Don Allah ku bari, bawan Allah na da Juma'a a gabansa. Na janye aika-karɓa. Bayanin Injiniya ya sa na tuna kai-da-kawo. Kowa na faɗin ta, ba sabuwa ba ce, kuma tafiya ce ɗaya bayan ɗaya, ka kai sannan ka kawo. "Radiyon kai-da-kawo." A gidan radiyonmu in kalma ta wuce numfashi guda mai gabatarwa yanke ta yake, wannan ba ta wuce ba.

Mushe Mai Ritaya:
Kai-da-kawo ai zirga-zirga ce, har da ta marar aikin yi. Ana kuma jin ƙanshin annamimanci a ciki, mai kai magana ya kawo magana.

Ƴar Radiyo:
Baba, aikinsa ke nan. In mai gadi ya kashe pampo ya tafi kasuwa, shi ke kai ƙara buro.

Injiniyan Ruwa:
Wannan gaskiya ne, kuma ba su son shi saboda haka.

Ni abin da ya dame ni da "radiyo" tsura, na gani da idona. Na taɓa kiran wani mai gadi da dare, rijiyarsa ta ɓace daga kwamfuta, na ce Baba duba mini radiyo, wuta na ci? Ya ce lafiya lau, yanzu ma ya gama jin labarai. Saboda haka a ƙara mata wani abu, ko me ne ne. Jakadiya ko kai-da-kawo, ba ruwana, in dai na faɗa a talho ya nufi akwatin da nake nufi.

Mai Fassara, tunda littafin na hannunka, ka duba ko waɗannan na ciki, don su ke kashe mana tasha, ba suna ba. Anten ɗin rijiya irin Yagi ne, sanda mai haƙora, gefe guda yake kallo. Bakinsa buro yake nufa. Iskar farkon damina in ta juya shi kaɗan, saƙo ya fara yankewa, mai gadi ya sani kada ya gyara da ka, ya kira. Mu kan sa fenti a jikin ƙarfen da maɗaurin, layi guda, in layin ya rabu an san ya juya. Haƙoran in a tsaye suke a buro, a tsaye za su kasance a rijiya, in wani ya kwantar da nasa an yi asarar ƙarfi mai yawa. Mahaɗin waya da anten a naɗe shi da kyau, ruwa in ya shiga ciki ba a gani, sai dai tasha ta yi ta rauni. Wayar da ta sauka ƙasa ta tsawa ce, ba ragowar aiki ba ce, kada a yanke a sayar. Da hunturu a share pano, farantin da ke ɗaukar hasken rana, ƙura na hana batir cika, tasha ta mutu da asuba ta farfaɗo da hantsi, mu yi ta neman lalacewa inda babu. Batirin 12 V ne, kuma ba na cajin salular ƙauye ba ne. Wannan ka rubuta shi sau biyu.

Mai Fassara na Zango:
Na gode Injiniya, na fenti ba ya ciki, zan nemi izini in ƙara. Sai kuma ga wasu biyu sun taso. Fréquence, wato yawan kaɗawar igiyar radiyo, da kuma tashar da ake ɗorawa bisa tudu in dutse ya tare tsakanin rijiya da gari, ta karɓa ta miƙa gaba.

Bakano:
Zango. Gajeren zango, matsakaicin zango, haka ake faɗa a rediyo.

Injiniyan Ruwa:
Zango da mita ake auna shi, tsawon igiyar ne. Abin da ke rubuce jikin akwatinmu MHz ne, ma'aunin fréquence. Dangi ne amma ba abu guda ba ne, in ɗaya ya hau ɗaya sauka yake. Mai gadi dai abin da zai sani, lambar nan ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ke ba da izininta, ba a taɓa ta.

Mushe Mai Ritaya:
Ni da tashar tudun zan ba zango. Nan saƙo ke ya da zango kafin ya wuce.

Ɗan Birni 2:
A garin da rabinsa sunansa Zango? "Zango ya lalace, a sanar da buro." Mai Fassara da kansa ɗan Zango ne, ku tambaye shi.

Malam na Birni:
Ƙaramar jakadiya.

Ƴar Radiyo:
Malam!

Mai Fassara na Zango:
To jama'a, dare ya yi, ga abin da na tsayar, wanda bai ji daɗi ba ya yafe mini. A shafin farko: "radiyon kai-da-kawo", da hotonsa, da sunan Faransancin a ƙasa don shi ke rubuce jikin kwalin. Cikin littafi "kai-da-kawo" kawai. "Kada a kunna kai-da-kawo sai an tabbata an ɗaura mishi anten." Na karanta da ƙarfi, ta zauna. Anten na bar shi anten, Bakano ka yi haƙuri, Malam ƙaho ya yi kama da na mota. Tashar tudu na sa "mai miƙawa", ban gamsu ba amma ba ta da laifi. Fréquence na kauce mata, na rubuta "lambar tasha, kada a canza".

Injiniyan Ruwa:
Lambar tasha za ta rikice da lambar da uwa ke kiran kowace rijiya da ita. Biyu ne daban.

Mai Fassara na Zango:
Innalillahi. To wannan "lambar rijiya", waccan "lambar iska". Zuwa Juma'a in wani ya kawo wadda ta fi, zan canza.

Malam na Birni:
Kai-da-kawo aƙalla Hausa ce, ba zan ce komai ba. Amma radiyon da ka liƙa mata a gaba ban sa hannu ba. Ni a makarantata jakadiya zan koya wa yara, mu ga wadda za ta rayu.

Bakano:
Namiji ne ko mace, kai-da-kawon? Ka rubuta "mishi".

Ƴar Radiyo:
Mu nan radiyo namiji muke faɗi a bakin da yawa, akwati ma namiji. Bar shi haka. Yaya Mai Fassara, in an buga ka ajiye mini guda, ina so in yi shiri a kai ranar da za a yi maganar ruwa. Injiniya, kai zan gayyata, kuma ba za ka ce MHz a iska ba.