"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": ya dace da mace mai fuskantar ɗaukewar al'ada?

Ungozoma: Assalamu alaikum. Ina so mu duba wannan karin magana, domin a ganina ya hau daidai kan macen da al'adarta ta fara rikicewa. Mace ta haura shekara 45, ta ce zafi na taso mata daga ƙirji zuwa wuya da fuska, ya yi minti ɗaya zuwa biyar, zufa ta karyo, sanyi ya biyo baya. Cikin dare ta farka riga sharkaf, barci kuma ya ƙi dawowa. Sai a ce mata zazzaɓi ne, ko a ce ta yi haƙuri, girma ne ya zo. Alhali a wannan shekarun bayaninta kaɗai ya isa a gane abin da ke faruwa, ba sai an auna sinadarin FSH (wanda ke zaburar da ƙwan mace) a jini ba, tunda a lokacin yau yana sama gobe yana ƙasa. A saurari mai ɗaki.

Likitan Ƙashi: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Na yarda da rabin maganar. Akwai yoyon da mai ɗaki ba ta gani. Sinadarin istirojin, wato sinadarin mata da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, shi ne ke rage saurin zaizayewar ƙashi, idan ya yi ƙasa sai ƙashi ya riƙa raguwa da sauri, musamman a shekarun farko bayan ɗaukewar jinin, kuma babu ciwo ko kaɗan. Sau da yawa alamar farko ita ce karaya a wuyan hannu, ƙugu ko ƙashin baya bayan faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba. Hawan jini da hauhawar kitse a jini ma haka suke, shiru. In muka sakar wa mata wannan karin magana haka kawai, wata za ta ce ai ita lafiyarta ƙalau, ta ƙi zuwa awo.

Malamar Hausa: Likita, ka ɗora wa karin maganar nauyin da bai ɗauka ba. Ana faɗarsa ne ga mai shisshigi, wanda ke yanke hukunci a kan halin da ba shi ke ciki ba. Bai ce mai ɗaki ya san gyara ba, bai kuma ce ya san komai ba. Wurin amfaninsa shi ne gaban miji ko 'ya'yan da ke cewa raki take yi idan ta koka da saurin fushi, mantuwa ko ciwon gaɓoɓi.

Likitan Ƙashi: To Malama, in haka ne babu jayayya, amma a haɗa mata da lissafi. Mace da ta wuce 50 tana buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana, an fi so daga abinci, tare da bitamin D. Motsa jiki minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Sigari na ƙara cin ƙashi. Hoton auna kaurin ƙashi, DXA, ana ba da shawararsa daga shekara 65, ko kafin nan ga wadda ta taɓa karaya cikin sauƙi, ko jininta ya ɗauke da wuri.

Nas: Ni abin da ya fi damuna shi ne yoyon da ake gani a yi shiru. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an cika wata 12 a jere babu jini, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55. Bayan nan duk jinin da ya fito, ko ɗigo ne a kamfai, ba al'ada ce ta dawo ba. Yawanci sirancewar fatar gaba ce ke jawo shi, amma yana iya zama farkon kansar mahaifa, wadda ake warkewa sosai in an kama ta da wuri. Za a yi sikanin a auna kaurin bangon cikin mahaifa, in ya wuce milimita 4 a ɗebi ɗan samfur a duba. Haka kuma zufar dare in ta zo da tari da rama, a nemi tarin fuka. Bugun zuciya da rawar hannu, a duba tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya. Ba komai ake jingina wa shekaru ba.

Ungozoma: Gaskiya ne 'yar'uwa. Ƙari a kai, jinin da ya fara tsallake wata ba ya nufin ƙwai ya ƙare. Wadda ba ta son ciki ta ci gaba da tsarin tazara har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya in ta wuce.

Likitar Mata: Ni ina bayan Hajiya, domin zaɓin magani a kan bayanin macen yake tafiya. Zafin nan kan ɗauki shekaru, ga mata da yawa kusan bakwai. Wadda nata mai sauƙi ne kan wadatu da tufafi marasa nauyi, ɗaki mai iska, rage ƙiba, da lura da abin da ke tayar mata da shi. Wadda ya hana barci da aiki kuwa, maganin maye gurbin sinadari, wato mai mayar wa jiki istirojin da ya ragu, ya fi komai tasiri, kuma yana kare ƙashi. Ga ƙa'idojinsa: mai mahaifa dole a haɗa mata istirojin da firojestaron, wani sinadarin mata mai kare bangon mahaifa, domin istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya kaiwa ga kansar mahaifa. Wadda aka cire wa mahaifa istirojin ya wadatar. Na mannawa a fata ko na shafawa bai kai ƙwaya haɗarin daskarewar jini ba. Amfaninsa ya fi rinjaye in an fara kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar jinin. Tsoron wannan magani da ya yaɗu tun 2002 ya fito ne daga wani babban bincike a Amurka, wanda matsakaicin shekarun matan cikinsa 63 ne. Duk da haka haɗin magungunan biyu na ɗan ƙara haɗarin kansar mama in an daɗe a kai, shi ya sa ake sake dubawa duk shekara. Ba a ba wadda ta taɓa kansar mama, daskarewar jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon hanta mai tsanani, ko jinin da ba a gano dalilinsa ba. Su akwai wasu magunguna marasa sinadarin, irin su gabapentin.

Nas: Likita, bushewar gaba fa? Ita ce kunya ke hana faɗa.

Likitar Mata: Kuma ita ce ba ta wucewa da kanta, ƙaruwa take, ta jawo zafin saduwa da yawan ciwon fitsari. Man santsi na taimakawa a lokacin saduwa. Maganin asali shi ne istirojin na matsawa, kullum da dare na mako biyu, sannan sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Kafin mace ta zo asibiti ta rubuta ranakun jininta, yawan tasowar zafin a rana, da magungunan da take sha. Wadda jininta ya ɗauke kafin 40 kada ta jira komai, ta zo, domin tana buƙatar maganin maye gurbin sinadari har wajen shekara 51 don kare ƙashi da zuciya.