Haruffa masu ƙugiya da alamar naira a fayil ɗin XML: me kuka gani?

Daga Agege: Assalamu alaikum. Manhajar wani kanti tana fitar da jerin farashi a fayil ɗin XML (tsarin rubutu da manhajoji ke musayar bayanai da shi), amma idan aka buɗe shi a wata kwamfuta sai "ƙwai" ya koma "Æ™wai", alamar ₦ kuma ta zama â‚¦. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da haka ya ba mu labari.

Daga Yaba: Wa alaikumus salam, Malam. Fayil ɗin nan lafiyarsa ƙalau, manhajar da ta buɗe shi ce ta ɗauka da Windows-1252 aka rubuta shi, alhali da UTF-8 ne; dukansu tsare-tsare ne na ajiye haruffa a kwamfuta. A tsarin UTF-8 harafin ƙ baiti (ma'aunin bayanai a kwamfuta) 2 ne, ₦ kuma baiti 3, shi ya sa kake ganin baƙin alamomi biyu a nan, uku a can. Wanda na gani a wurin aikinmu ya fi wannan muni, domin an ajiye sunayen abokan ciniki da Windows-1252 tun farko, tsarin da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba shi kuma da ẹ, ọ da ṣ na Yarabanci, sai duk suka zama alamar tambaya. Irin wannan ba ya gyaruwa sai an koma ga asalin takardun.

Daga Idi-Araba: Gaskiyarki, Hajiya. Ni kuwa alamar & ce ta tsayar da mu, saboda wanda ya rubuta manhajar yana liƙa rubutu da hannu maimakon ya bar wa laburaren XML (shiryayyen kayan aikin manhaja da ke rubuta XML) aikin. Dole ne a rubuta ta &, ita kuma < a rubuta <. Suna irin Asma'u ma yana karya fayil idan aka kewaye sunan da waƙafin sama guda ɗaya a matsayin ƙimar sifa (attribute). A kuma kiyayi  , domin na HTML ne, tsarin shafukan intanet; irin waɗannan alamomin biyar kacal XML ta sani da kanta.

Daga Ikeja: Ƙari a kan maganar Yayana na Idi-Araba, akwai masu yin sauyin da hannu sannan laburaren ya sake yi, har abokin ciniki ya ga & ɓaro-ɓaro a rasidinsa. Malam na Agege, duba layin farko ko an rubuta encoding="UTF-8", kuma kada ko tazara ɗaya ta riga farkon layin.