Kwamitin sulhu na mata a gunduma: ta ina ake farawa?

'Yar Lere:
Assalamu alaikum. Mu mata ne a wata gunduma a ƙaramar hukumar Lere, muna son kafa kwamitin sulhu saboda rigimar manoma da makiyaya da ke tasowa duk kaka. Maza suna zamansu a fadar hakimi, ba a kiran mace ko ɗaya. Don Allah ta ina za mu fara? Kuma rajista dole ce?

Malama daga Jos:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ku ajiye maganar rajista tukuna, ku fara da zaɓen mutane. Mata tara zuwa goma sha biyar sun isa, kuma kada adadin ya rabu biyu daidai, saboda ranar ƙuri'a. Lallai a samu matan ruga masu tallar nono, matan manoma, shugabar zumuntar mata ta coci, malamar Islamiyya, da ungozoma. Idan duka daga ɓangare ɗaya kuka fito, ɗaya ɓangaren zai ɗauke ku 'yan leƙen asiri.

Daga nan ku bi tsani: mai unguwa, dagaci, sannan hakimi, ku kuma je ku gaida Arɗo a rugarsa. Wanda aka tsallake shi ne zai fara ɓata ku.

Babban ƙarfinku shi ne jin labari da wuri. Idan masu nono suka daina shigowa kasuwa kwana biyu a jere, ko aka fara kwashe yara ana kai su wajen dangi a wani gari, to akwai abin da ake shiryawa. Ku samu littafi guda: rana, wuri, abin da aka gani, wanda aka sanar. Kada a taɓa rubuta sunan wadda ta kawo labarin. Sau ɗaya ya fita, ba mai sake faɗa muku komai, kuma kun jefa ta cikin haɗari.

Baba Mai Ritaya:
Malama ta yi daidai, sai dai ina da gyara. Kwamitin mata zalla, idan ba shi da kujera a inda ake yanke diyyar ɓarna, sai ya koma na raka gawa da kai gaisuwa. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi kuna neman kujera biyu a zaman tsaro da sulhu. Kuna da madogara: ƙuduri mai lamba 1325 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar 2000, da ya ce a riƙa sa mata cikin harkar sulhu da tsaro, wanda Najeriya ta fitar da tsarin aiwatar da shi a 2013. Ku aika kwafi ga Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, a buga muku hatimin karɓa.

Lokaci ma abin lura ne, 'yata. A zauna tun watan Satumba, kafin a yanke dawa, a amince da ranar da za a saki shanu cikin gonaki, a kuma zaga burtali a ga inda aka nome. In an yi ɓarna, a je gonar cikin kwana ɗaya tare da malamin gona da wakilin kowane ɓangare, tun sawun bai ɓace ba. Jinkiri ke sa kowa ya ƙara gishiri.

Hajiya Mai Lissafi:
Kan rajista: ta sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ta ishe ku farawa. Sai za ku karɓi tallafi ne za ku nemi ta CAC, hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, inda ake son amintattu, tsarin mulkin ƙungiya, da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Banki kuma zai nemi takardar SCUML, wato sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Mutum uku su zama masu sa hannu, biyu su isa cire kuɗi.

Abu biyu ke kashe irin wannan kwamiti: kuɗin zama da hular jam'iyya. Ku riƙa ɗan karo-karo duk wata don kuɗin mota da katin waya, duk wadda ta karɓi muƙamin jam'iyya kuma ta sauka. Sannan ku sani kisa da fyaɗe ba na sulhu ba ne. Na 'yan sanda ne da kotu, wadda aka yi wa fyaɗe kuwa a kai ta asibiti kafin kwana uku su cika, don maganin kariya daga cutar ƙanjamau ya yi aiki.