Minti 15 na EVE Online: adalci ne, ko an zalunci masu wuta mai ɗaukewa?

Hamadu (Garwa): Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Daren jiya a EVE Online, wasan nan na jiragen sararin samaniya da ake yi a intanet, ina yankin Tama da jirgina Drake, mutum biyu suka far mini a bakin ƙofar da ake tsallakawa zuwa wani yanki. Harbi uku na yi, sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi ƙirin, na zauna cikin duhu ina zufa, na san ana can ana cin jirgina. Da asuba na shiga na tarar da kaina a tasha, ba jirgi ba kaya. Wata guda na yi ina haƙar ma'adinai kafin na saye shi. Dokar nan da ta ce wanda ya shiga faɗa da ɗan wasa ko ya fita daga wasan sai jirginsa ya zauna a sarari har minti 15 bayan harbin ƙarshe, zalunci ce. In layin mutum ya yanke, kamata ya yi jirginsa ya ɓace nan take.

Usumanu (Ngaundare): Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ƙanena, na san zafin abin. Amma ban yarda ba. Na'urar wasan tana Landan, ba ta ganin ɗakinka. Abin da ta sani shi ne layi ya yanke. Ta yaya za ta bambance wanda aka ɗauke wa wuta da wanda ya ga mutuwa ya sa hannu ya fizge waya? In aka bi taka, ba jirgin da zai ƙara fashewa a wasan nan. Kowa ya ji wuya sai ya kashe kwamfuta.

Hamadu: Yaya, ni ban fizge komai ba.

Usumanu: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Doka ce ba za ta iya yarda da kai ba tare da ta yarda da maƙaryata dubu ba.

A'isatu (Marwa): Ni ina bayan Hamadu, ko da rabi ne. Wanda ya tsara dokar nan a Reykjavik bai taɓa kwana a Garwa cikin watan Afrilu ba, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya ake raba wuta unguwa-unguwa. Bature ya biya kuɗin wata, mu ma mun canza sefa mun biya, amma shi faɗa ɗaya yake yi, mu biyu: da abokin gaba, da wuta. Kuma in ka kai kuka, CCP, wato masu wasan, ba ta biyan asarar da ta fito daga layinka, sai in matsalar daga na'urarsu ce. A Elite Dangerous, wani wasan jiragen sararin samaniya, daƙiƙa 15 kawai kake jira ka fita ko kana cikin haɗari. Me ya sa a nan sai minti 15?

Usumanu: Malama A'isatu, je ki tambayi masu Elite yadda suke kuka da wannan. Ka bi mutum, ka tare shi, ka kusa gama shi, sai ya ɓace a gabanka. EVE kuwa tun 2003 a kan asara aka gina shi. Jirgin da ya fashe ya tafi ke nan, shi ya sa mai haƙa yake samun mai saye, mai ƙera yake samun ciniki a Jita, babbar kasuwar wasan. Yaƙin da aka yi cikin wasan a yankin B-R5RB a 2014, wanda aka ƙiyasta asararsa da kusan dala 300,000, da wa zai tuna shi in masu manyan jirage sun kashe kwamfuta sun je sun kwanta?

Abakar (Injamena): Ku bar ni in sa baki. Kuna magana kamar an hana gudu. Ba a hana ba, hanya aka yi masa. Ni nan na fi kowa cewa ƙafa me na ci ban ba ki ba, kuma ba na jin kunya. Ka daidaita jirginka da wata tasha tun kafin a iso, da ka ga baƙo ka yi tsalle, wato jirgin ya cilla can nan take. In an riga an ɗaure ka a bakin ƙofa, wato an hana jirginka tsalle, kar ka rama, ka koma ka tsallaka. Hamadu, harbin nan uku da ka yi su suka rufe maka ƙofa: duk wanda ya harba, daƙiƙa 60 ba shiga tasha, ba tsallaka ƙofa. Tun 2012 alamar tana fitowa a saman allo ta hagu.

Hamadu: Ko ban harba ba ai wuta ta tafi, Abakar. Hannuna ba ya kan komai.

Abakar: Gaskiya ne, a nan kam ba ni da ta cewa. Sai dai da ba su ɗaure ka ba, jirgin da kansa yake tsalle ya yi nisa in layi ya yanke, sai sun nemo shi da na'urar bincike.

A'isatu: To a rage mana. Minti 5 bai isa ba?

Usumanu: Babban jirgi ba ya mutuwa cikin minti 5 in maharan kaɗan ne, sai sun kira 'yan'uwansu. Masu dukiya za ki taimaka wa, ba Hamadu ba. Drake ɗinsa ko minti 2 bai kai ba a hannun mutum biyu masu shiri. Ɗan dambe in ya ɗaure hannu ya shiga fage, ba ya cewa a dakata ƙafarsa ta yi tsami.

Hamadu: Ɗan dambe ba a kashe masa fitila shi kaɗai a bar abokin karawarsa yana gani. Har yanzu ina kan bakana, Yaya.

Abakar: Ina da ƙananan jirage Rifter guda shida a ajiye, masu araha. Ka ɗauki biyu, ka riƙa fita da su har damina ta sauka. Kuma in za mu fita daren Juma'a, ka aro laftof mai batir, ka jona da rezon waya.

Hamadu: Na gode, Allah ya saka. Laftof ɗin ƙanwata zan tambaya. Ƙarfe nawa?

Abakar: Tara, bayan isha'i.