Wai famfon zafi zai iya da sanyin Kanada kuwa?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah Injiniya Sani kana kusa? Abba ne ya kira ni jiya daga Edmonton ta Kanada wai zai cire injin gas ɗin da ke ɗumama masa gida ya sa wani abu hit fam, wato famfon zafi, to ƙawata da ta taɓa zuwa can ta ce abin yaudara ne, da sanyi ya kai sanyi sai ya mutu murus. Gashi akwai jariri a gidan, wlh tun jiya hankalina bai kwanta ba.

Garba Taminus: Hajiya ƙawarki ta yi gaskiya. Ta yaya inji zai ɗebo zafi daga iskar da ta fi cikin firiza sanyi? Ai neman jini ne a jikin fara. Ki ce masa ya bar gas ɗinsa.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Malam Garba ka yi haƙuri amma nan aikina ne, shekara da shekaru ina gyaran esi. Abin nan esi ne kawai da aka juya masa baya, akwai wani bawul a ciki da ke sauya hanyar gas ɗin esi da ke zagayawa a cikinsa, sai ya riƙa kwaso zafi daga waje yana zubawa a ɗaki. Taɓa bayan firjinka ka ji ɗumi, daga ina ka ga ɗumin ya fito in ba daga cikin firjin mai sanyi ba? Gas ɗin da muke ɗurawa irin R32 yana tafasa ne a wajen digiri 52 ƙasa da sifili, kenan iskar da take maines 20 a wurinsa mai ɗumi ce, zai sha zafinta ya zama tururi, kwamfuresa ta matse shi ya yi zafi sosai, fanka ta huro maka ciki.

Malam Danladi: Haka muke koya wa yara a aji, zafi ba ya ƙarewa kwata-kwata sai an kai maines 273. Sai dai Injiniya faɗa musu ɗaya ɓangaren. Lokacin da sanyi bai tsananta ba yunit 1 na wuta zai ba ka zafi yunit 3 ko 4, amma idan aka gangara maines 15 zuwa 20 yana komawa wajen 2, kuma a daidai lokacin ne gidan ya fi buƙata.

Garba Taminus: Yauwa! Kun fara dawowa hanyata. A Janairun 2024 sanyin Edmonton ya wuce maines 40, har saƙon gaggawa aka tura wa mutanen Alberta, lardin da Edmonton ke ciki, a waya cewa su rage shan wuta kar layi ya faɗi. A irin wannan daren me famfon naku zai tsinana?

Injiniya Sani: A irin wannan daren famfon da ke jan zafi daga iska ba zai iya shi kaɗai ba, ban musa ba. Masu kyau da aka yi don sanyi irin na Mitsubishi suna riƙe ƙarfinsu har maines 15, suna ci gaba da aiki har wajen maines 25. Ƙasa da haka dole hitar lantarki ko gas ta karɓa. Amma kwana nawa ne hakan a shekara? Ba a yanke wa abu hukuncin wata shida da mako guda.

Zainab Oslo: Ku bari in sa baki tunda ni da shi nake kwana. Nan Norway kusan gida 6 cikin 10 na da shi, Finland da Sweden ma sun cika da shi, kuma ba wanda zai koya musu sanyi. Abin da ya tsorata ni a shekarata ta farko shi ne sai in ji ya tsaya na 'yan mintuna, in leƙa waje in ga tururi na tashi ruwa na ɗiga, na ɗauka ya ƙone ne ashe ƙanƙarar da ta daskare masa yake narkarwa da kansa. Ina ga abin da ƙawar Anti ta gani kenan. Amma gsky gidaje da yawa a nan suna da murhun itace a gefe.

Garba Taminus: To kin ji, murhu a gefe. Kuma Oslo bakin teku ne, sanyinku bai kama ƙafar na Alberta ba. Sannan gas na da araha a can, ba lallai ma kuɗinsa ya ragu ba.

Malam Danladi: Batun kuɗi kam ka kama ƙasa, sai ya zauna ya lissafa. Amma cewa ba ya aiki a sanyi, jihar Maine ta Amurka ta sa burin kafa famfon zafi guda 100,000 kafin 2025, ta cika shi tun 2023.

Injiniya Sani: Hajiya shawarata ya sa famfon amma kar ya cire gas ɗin, a haɗa su biyun, kuma a fara duba tagogi da rufin gidan, gidan da iska ke shiga ba injin da zai ƙoshe shi. Ni abin da ke damuna ma namu ne na Jos, muku-mukun Disamba mutane su kunna gawayi a kasko su rufe ƙofa su kwanta da yara, hayaƙin nan yana kisa ba ka ji ba ka gani ba. Sanyinmu da ko sifili ba ya kaiwa wasa ne a wurin wannan injin, sai dai yawancin esin da ake shigo mana da su na sanyaya ɗaki ne kawai, ga kuma ɗauke wuta.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri. Zan tura masa ya tambayi mai aikin har maines nawa injin yake kaiwa, kuma ya bar gas ɗin. Injiniya rimot ɗin esin falona akwai alamar rana a jiki, kenan shi ma yana yi?

Injiniya Sani: Ba lallai ba Hajiya, rimot ɗaya suke sa wa kala-kala. Ɗauko min hoton takardar da ke manne a jikin injin na waje in duba.