An kore ni daga aiki a Jidda, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 7 ina tuƙa motar wani kamfanin kaya a Jidda. Tun da aka canza mudir (manaja) muke 'yar tsama, ɗan ƙasarsu yake so ya saka a gurbina, har mai gadi ya sani. Ran Alhamis ya ce in ajiye makulli, wai ina fashin aiki. Ya miƙo takarda na sa hannu. Iyali na Kano, ga kuɗin makaranta. An ce min Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hana kora ba dalili. Ina zan kai kuka?

Tsohon ɗan Jidda: Ɗan'uwa, bar zancen ƙungiyar duniya. Yarjejeniya ce mai lamba 158 ta 1982, kuma Saudiyya ba ta amince da ita ba. Alƙali dokar ƙasa zai buɗe. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba su damar sallamarka hannu rabbana in ka yi fashin sama da kwana 15 a jere, ko sama da 30 a shekara, ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, amma sai an gargaɗe ka a rubuce. In babu gargaɗi, sashe na 77 naka ne: albashin watannin da suka rage a kwantiraginka, kuma ba ya gaza na wata biyu. Ga kuɗin sallama, rabin albashin wata kowace shekara a biyar na farko, sannan cikakke. Naka wata huɗu da rabi ke nan. Kwana nawa ka yi fashi? Me takardar ta ce?

Hajiya daga Makka: Ku har kuna da sashe! Mu 'yan aikin gida wannan dokar ba ta shafe mu ba, tsarinmu daban. Uwar ɗakina ta riƙe min albashi, da na yi magana sai barazanar hurub, wato ta kai rahoton na gudu. Yaro, ka lallaɓi kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, a yi maka naƙalin kafala, a mayar da kai hannun wani, shari'a da mai gari sai wahala.

Mai tambaya: Alhaji, rashin lafiya na yi, kowa ya gani. Takardar kuwa da Larabci take, mutum ya tsaya a kaina, ya zan yi?

Tsohon ɗan Jidda: In mukhalasa ce, wato takardar kammala biyan haƙƙi, to ka shaida an biya ka komai. Duba Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, yau ɗin nan. Shigar da ƙorafin sulhu a ma'aikatar ƙwadago, kwana 21 na aiki ne, in an gaza sai kotu. Kar ka bari wata 12 ya wuce daga ranar kora ba ka kai ƙara ba.

Wani direba: Iƙamarsa (izinin zama) fa? Kafin a gama sulhun sun buga masa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ni na ce ya karɓi abin da ya samu.

Mai tambaya: Ni dai ba zan roƙi mudir ɗin nan ba. Wa ke da adireshin ƙungiyar duniyar?